Likitan Sabon Gari a Bayan Jiratawa

Duk ɗan makarantar kiwon lafiya a Maraɗi ya san akwai ranar da za a raba shi da fankar aji a tura shi ƙauye aikin gwaji. Da aka yi rabo, abokaina suka samu wajen Tibiri, kusa da fadar Sarkin Gobir, ni kuwa aka jefa ni wani ƙauye bayan Jiratawa. Na bar Sabon Gari bisa kabu-kabu da farar riga sabuwa dal, da tulin takardun tambayoyi, da igiyar awon damtsen yara. Inna har turare ta fesa mini, wai kada a raina likita.

Damina ce, lokacin rabon maganin rigakafin masassara ga yara 'yan wata 3 zuwa 59. Majo, shugaban asibitin garin, ya haɗa ni da Iya, wata dattijuwa mai yi wa asibitin aikin sa kai. Ta dube ni daga hula har takalmi ta ce, "Ɗana, a wannan rigar za ka shiga taɓo?"

A gidan farko na tambayi sunan maigida. Matar ta rufe baki da gyale, ta aika a kira yaron maƙwabta ya faɗa. 'Ya'ya nawa? "Na Allah ne, Malam, ba a ƙirgawa." Da ƙyar ta ce huɗu, alhali biyar ne ke zagaye da ni suna shafa rigata. Iya ta raɗa mini cewa na biyar ɗin ɗan fari ne, kunya ba ta bari a sa shi a lissafi. Shekarun auta kuwa, an haife shi ana yankan gero, shekarar da gulbi ya ci gonar kawunsa. Wanda ya tsara takardar, ina kyautata zaton a wani ofis mai sanyi a Yamai, gurbi biyu kacal ya bar wa wannan amsa.

Na ce bari in rama da ilimi. Na zaro igiyar awo na hau bayani: ja, ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, rawaya... "Har 12.5," in ji wata daga bakin turmi, ba ta ko daina daka ba. Ashe tun yunwar 2005, da ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiyoyin tamowa a jihar Maraɗi, matan nan ke ganin igiyar, lokacin ni ko lakkol ban shiga ba. Wata ta karɓe ta ta nuna mini: hannun hagu, tsakiyar kafaɗa da gwiwar hannu, ba a matsewa. Sai ta kama nawa damtsen ta auna. "Kore ne, amma da taimakon Allah." Gida ya ɗauki shewa.

Nan take aka yanke mini magani: kwaɗon zogale, wanda Jiratawa ta yi suna a kansa, da ƙwaryar fura. Baƙo ba ya ƙin tayi, na share duka.

Da la'asar maigari ya tara jama'a a gindin bedi in yi jawabi kan amfanin salanga. Ina tsakiyar bayyana yadda ƙuda ke tashi daga bayan gida ya sauka kan tuwo, cikina ya yi ƙugi kamar hadarin Agusta. Na tambayi salangar da wani shiri ya gina wa garin. Ga ta can, fes da fenti, da ƙaton kwaɗo a ƙofa. Makullin yana aljihun ƙanen maigari, shi kuwa ya tafi cin kasuwa. Ko da yana nan ma, an ce, sai an kwashe takin zamanin da aka ɓoye wa ruwa a ciki.

Na nufi gonar gero a guje. Farar riga ba ta ɓoyuwa cikin kore, yara suka biyo ni suna "Likita! Ga likita can!"

Da dare Iya ta zo da ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki, ta zauna, ta jawo takarda guda daga jakata ta miƙa wa jikarta 'yar lakkol.

"Rubuta. Sau nawa ka zaga yau, ɗana? Kuma ka wanke hannu da sabulu?"