Masana Tarihin Abin Da Bai Faru Ba

Duniya ta samar da wani sabon rukunin masana da ba jami'ar da ta yaye su, ba kuma mai biyansu albashi, amma sun fi kowane farfesa kishin fanninsu. Fannin kuwa shi ne tarihin ƙasashen da babu su: sarakunan da ba a haifa ba, yaƙe-yaƙen da ba a gwabza ba, da yarjejeniyoyin sulhun da aka sa wa hannu a garuruwan da ba sa cikin taswirar kowa. Ina nufin ma'abota wasannin nan na kwamfuta da na tebur, inda mutum ke shiga rigar jarumin labari, ya zaɓi sunansa da ƙabilarsa da sana'arsa, ya fita ceton duniya.

Abin ya faro ne a Amurka a 1974, lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons. Kayan aikin ba su wuce takarda da fensir da wasu 'ya'yan ludo masu fuskoki da yawa ba, har da mai fuska ashirin. Niyyar bayin Allahn nan ita ce abokai su zauna su yi nishaɗi. Ba su san gonar musu suka share ba, wadda har yau ake girbinta rani da damina.

Sarkin wannan fage wani mutum ne da za mu kira Malam Gyara-Kaɗan. Kana cikin ba da labarin yadda ka ji daɗin wasa, sai ka ji ya yi gyaran murya. "Gyara kaɗan," in ji shi, "wannan sarkin ba jikan wancan ba ne, ɗan ƙanwar matarsa ne." Daga nan hira ta mutu, darasi ya fara. Idan ka ce wasa na biyar ka buga, zai dube ka da tausayi ya ce ai wanda bai buga na uku ba bai san komai ba. Idan ka buga na ukun, akwai na biyu. Idan ka buga duka, to ka karanta littattafan da ke kan kantocin cikin wasan? Abin mamaki, wani lokacin shi kansa malamin bai taɓa kai ƙarshen wasan ba. A YouTube ya yi karatunsa, wajen wani mai murya ƙasa-ƙasa da ke kwashe awa uku yana sharhi a kan rubutun da ke jikin wani tsohon takobi.

Ɗauki Skyrim, wanda kamfanin Bethesda ya fitar ranar 11 ga Nuwamba, 2011. A cikinsa ana yaƙin basasa tsakanin sojojin daula da 'yan tawayen wani basarake mai suna Ulfric Stormcloak. Tun daga ranar mutane suka rabu jam'iyya biyu, kuma har yau ba a yi sulhu ba. Waɗannan su ce Ulfric ɗan kishin ƙasa ne mai kare 'yancin bautar mutanensa. Waɗancan su ce mai ƙabilanci ne, su kuma zaro wata takardar sirri da ake tsinta a ofishin jakadancin abokan gaba, wadda ke nuna cewa tawayen nasa ma riba ce gare su. Za ka ji ana kawo hujjoji na tattalin arziki da dabarun yaƙi, har jijiyar wuya na tashi. Mai wannan wa'azin adalci kuwa, da ka leƙa yadda yake buga wasan, sai ka tarar ya kifa wa mai kanti bokiti a kai don kada ya gan shi, ya kwashe masa cuku da tukwane kaf.

Inda ilimin ya fi kai wa maƙura shi ne wajen ɗinke ɓaraka. A 1996 wannan kamfani ya fitar da Daggerfall, wasan da ke da ƙarshe iri-iri, ya danganta da wanda ka miƙa wa ragamar wani ƙaton mutum-mutumin tagulla. Da aka zo ci gaba da labari sai tambaya ta taso: wane ƙarshen ne na gaskiya? Marubutan suka ce dukansu. Wai zamani ne ya karye, kowa ya ci yaƙin a lokaci guda, kowa kuma ya sha kaye, sannan lokaci ya koma ya haɗe. Har suna aka raɗa wa irin wannan al'amari, Dragon Break. Da ɗan makaranta ne ya ba da wannan amsa a jarrabawa da tuni ya sha jan biro. Amma masananmu suka karɓa hannu bibbiyu, suka ce wannan zurfin tunani sai mai rabo.

Haka aka yi da lardin Cyrodiil na duniyar waɗannan wasannin. Wani ɗan littafi da ya fito tare da wasan Redguard a 1998 ya ce ƙungurmin daji ne mai duhuwa da damshi. Da Oblivion ya fito a 2006 sai ga filaye da ciyayi kamar ƙauyukan Turai. Ina dajin? Wani bayani ya ce wani tsohon sarki ne ya sauya yanayin ƙasar da ƙarfin ikonsa. Daga baya wani littafi a cikin The Elder Scrolls Online ya ce a'a, magatakarda ne ya yi kuskuren kwafa. Ka ji fa: an ƙago magatakarda don a ɗora masa laifin da ma'aikatan kamfani suka yi, shi kuma ba shi da bakin kare kansa tunda babu shi.

A nan nake jinjina wa kakanninmu mata. Jiya da dare an ce Gizo ya faɗa rijiya, yau ga shi garau a fadar sarki yana shirga wata ƙaryar, kuma ba yaron da ya taɓa ɗaga hannu ya nemi bayanin yadda ya fito. Da wani ya kuskura ya ce "gyara kaɗan, Kaka," da ya kwana ba tatsuniya. Su kuwa masananmu da sun rubuta littafi mai juzu'i uku a kan cewa Gizo biyu ne, ko kuma rijiyar ce ba ta da ƙasa.

Sai fagen soyayya, inda manya masu gemu ke zama 'yan rakiyar zance. A The Witcher 3, wanda kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Poland ya fitar a 2015, jarumi Geralt na tsakanin matsafa mata biyu, Yennefer da Triss. Magoya bayan Yennefer na kafa hujja da littattafan Andrzej Sapkowski, inda labarin ya samo asali, su ce ita ce ta fari kuma ita ce ta ƙarshe. Magoya bayan Triss su ce a bar mutum ya huta da faɗa da tsiwa. Mai ruwan ido da ya ce wa kowacce yana sonta kuwa, masu wasan sun tanadar masa darasi: matan su haɗa baki, su gayyace shi ɗaki, su ɗaure shi a gado, su yi tafiyarsu. Taura biyu ba ta taunuwa, ko da a kwamfuta ne.

Akwai kuma zaman makokin da ya fi kowanne tsawo. A 1997, cikin Final Fantasy VII, mugu Sephiroth ya soke wata baiwar Allah mai sayar da furanni, Aerith, da dogon takobinsa. Tun daga nan aka shiga tambaya: ba ga gashin tsuntsun nan da ake tayar da wanda ya faɗi a fagen fama da shi ba, me ya hana a yi mata amfani da shi? Malamai suka fito da fatawa cewa suma daban, mutuwa daban. Jita-jita ta yi ta yawo cewa akwai wata ɓoyayyiyar hanyar dawo da ita, mutane suka ƙona dare da rana suna nema. Babu ita.

Masu yin wasannin ma sun gano lagon mutanensu. Hidetaka Miyazaki, jagoran Dark Souls na 2011, ya taɓa cewa idan shi ne, a cikin kyaututtukan da ake zaɓa a farkon wasa, wani abin wuya zai ɗauka. Shi ke nan, jama'a suka rataya abin wuya suka bi lungu-lungu, suna nuna wa kowane bango da kowane gunki, ko wata ƙofa za ta buɗe. Bayan an sha wahala sai mutumin ya fito ya ce tsokana ce kawai. Wasu ba su yarda ba. Suka ce ai wannan musantawar ma wani sirrin ne.

Amma ranar da aka taɓa su da gaske, sai an ji a jika. A Maris na 2012 BioWare ta fitar da Mass Effect 3, ƙarshen tafiyar da aka faro tun 2007 ana gaya wa mutane cewa kowane zaɓinsu na da sakamako. Da aka zo ƙarshe sai ya zama babban bambancin da ido ke gani shi ne launin fashewar: ja, shuɗi ko kore. Wasu suka ce ba zai yiwu ba, lallai abokan gaba ne suka juyar da ƙwaƙwalwar jarumin wasan, Kwamanda Shepard, duk abin da aka gani gizo idonsa ke masa, suka kuma tara hujjoji tun daga inuwar bishiya har zuwa sautin iska. Wasu suka aika wa ofishin kamfanin a Kanada ƙananan kek sama da 400 masu launi uku, ɗanɗanonsu ɗaya. Kamfanin ya kai kek ɗin gidan matasa marasa galihu. Masu zanga-zangar suka kuma tara kimanin dala 80,000 don yaran da ke kwance a asibiti. A watan Yuni aka saki ƙarin bayanin ƙarshen kyauta. Ban san wata fitina da ta ƙare da sadaka har kashi biyu ba sai wannan.

Babban tashin hankalinsu dai shi ne tambayar wane labari ne ingantacce. A Afrilun 2014, bayan Disney ta sayi Lucasfilm, aka wayi gari da sanarwar cewa tulin littattafai da wasannin Star Wars na shekaru da dama sun koma almara, ciki har da Knights of the Old Republic na 2003. Wato an raba ƙage gida biyu: ƙagen gaske da ƙagen ƙarya. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana haddace nasabar mayaƙan sararin samaniya ya tashi da safe ya tarar takardun shaidarsa sun zama na ƙunshe ƙosai. A 2024 kuma shirin talabijin na Fallout ya nuno wani allon aji da aka rubuta 2277 a kan faɗuwar garin Shady Sands, alhali labarin wasan New Vegas a 2281 yake. Aka yi ta auna tsawon wata kibiya da aka zana da alli a jikin allon, har sai da Todd Howard na Bethesda ya fito ya rantse cewa ba a goge komai ba.

Gaskiyar da ba sa son ji ita ce ba amsa suke nema ba. Ranar da aka ba su cikakkiyar amsa, ranar kasuwa ta watse. Kamfanonin sun san haka, shi ya sa suke barin ramuka da gangan, waɗanda suka bari bisa kuskure kuma ga dubban ma'aikatan sa kai na cike su ba ko sisi. Tun 2018 aka nuna hoton wasu duwatsu da bakin teku, na ƙasa da minti guda, aka ce The Elder Scrolls VI na tafe. Daga siffar duwatsun nan masana sun fitar da sunan lardi, da abokan gaba, da dalilin yaƙi.

Saboda haka ga shawara ga duk wanda Allah Ya haɗa shi zama da irin waɗannan mutane, ɗa ne ko miji ko abokin aiki. Kada ka taɓa cewa "ai wasa ne kawai," don ka sayi lacca ta awa biyu. Kada ka nuna ka san wani abu, don za a yi maka jarrabawa. Idan kuwa biyu suka ritsa ka a lungu, ka tattara natsuwarka ka tambaye su ina Dwemer suka tafi. Wata al'umma ce ta maƙera a duniyar Skyrim da ta ɓace gaba ɗaya a rana guda, kuma masu wasan ba su taɓa yanke hukunci a kan makomarta ba. Na farko zai ce sun narke cikin mutum-mutumin tagulla, na biyu zai ce gyara kaɗan. Kai kuma ka ɗauki takalmanka ka je ka ci abinci, ka yi wanka, ka kai ziyara unguwa. In ka dawo ka ce, "Lallai kowannenku na da hujja." Ba wanda zai lura ka fita.