Abin Yi Ranar da Injin Sassaƙa Ya Kafe

Idan Allah ya hore maka injin sassaƙa mai kwamfuta, irin ƙaton nan da ake kira 1325 saboda teburinsa mita 1.3 ne a faɗi, 2.5 a tsawo, ka fanso shi daga tashar ruwa ta Kwatano, ya kwana a Parakou, ya biyo kwalta zuwa Djougou, aka sauke maka shi a Sérou yara na ta ihu, to ka zauna da shirin ranar da zai tsaya cak. Ba ya tsayawa ranar da babu aiki. Jira yake sai an kawo gadon amarya, biki saura kwana biyu, bakin sassaƙa ya kai tsakiyar fure, sannan ya ɗauke wuta, allo ya kawo jan rubutu da Ingilishi. A ƙasar da boko ke tafiya da Faransanci, ciniki kuma da Dendi da Yom da Hausa, wannan kaɗai ya isa cin fuska.

Fara da yaron shago, haka al'ada ta tanada. "Kai, me ka taɓa?" Zai ce, "Wallahi maigida ban taɓa komai ba." Kada ka yarda, amma yayin da kake faɗa, saci kallon jan maɓallin tsayawar gaggawa. Sau da yawa wani ne ya jingina da shi yana kurɓar shayi, kuma ba mamaki kai ne. Murɗa shi dama ya fito, lokacin da hankalin kowa ke wani wuri, sannan ka ɗan bubbuga jikin injin don a ɗauka ilimi ne.

Idan ba shi ba ne, mun iso wurin makunnin iyaka. Injin na tafiya hanya uku, X da Y da Z, kuma a ƙarshen kowace akwai wani ɗan abu da bai fi babban yatsa ba. Maigadi ne. Shi ke nuna wa injin inda gida yake duk lokacin da aka kunna shi, shi ke kuma tare shi kafin ya kai wa bango karo. Wani mai ɗan harshen ƙarfe ne da ke yin ƙas idan an danna shi. Wani ba ya taɓa komai, ƙarfe kawai yake ji idan ya matso shi da milimita kaɗan, sai ƙaramar fitilar bayansa ta canza. Gwajinsu ba ya cin ko sisi. Mai harshe, danna shi da yatsa ka saurara. Idan babu ƙas, garin katako ya haɗu da giris ya zama tuwo a cikinsa. Mai fitila, kara masa bakin sukudireba. Idan fitilar ba ta motsa ba, duba ko wuta na isa gare shi: waya mai ruwan ƙasa ke kawo ta, shuɗiya ke mayar da ita, baƙa ke kai labari. Idan fitilar na aiki amma injin na wuce shi, noti ne ya kwance, ya ja baya. Garin katako ba ya ruɗa irin wannan, amma ɓurɓushin ƙarfe na ruɗa shi, don haka ka tuna wanda ya wasa adda a gefen injin jiya.

Duk wannan aikin buroshi ne da tsumma, shi ya sa ba a son farawa da shi. Wa zai yarda injin miliyoyin sefa ya durƙusa saboda ƙura? An fi so a ce hassadar kafintan tsallaken titi ce. Ban hana ka zargi ba, amma ka share tukuna.

Kwamfutar ma tana magana, ba a dai sauraronta. Mai amfani da manhajar Mach3 ya buɗe shafin Diagnostics, zai ga 'yan fitilu, wadda ke kunne ita ce mai ƙara. Mai manhajar GRBL kuwa lamba ake ba shi: 1 na nufin an taɓa iyaka ana cikin tafiya, 8 na nufin injin ya ja baya daga makunni amma makunnin bai saki ba, 9 na nufin ya tafi neman gida bai same shi ba. Idan injin na zaune a kan makunnin, ba shi $X ya saki, ka janye shi a hankali. Ka lura da ɓangaren da kake turawa, domin akwai gwanayen da ke ƙara cusa shi ciki.

Yanzu ga mai wahalar. Makunni lafiya lau, amma injin na tsayawa, kuma kullum a wuri ɗaya, misali idan ya kai kashi biyu cikin uku na tebur. Nan ne ake fara maganar aljanu. Kafin ka aika a karɓo rubutu, kashe wuta daga tushe, ka ba inbatar da ke ba injin juya baki wuta mintuna ta huce, don tana riƙe wuta a cikinta bayan an kashe. Buɗe sarƙar robar da wayoyi ke kwance a ciki. Wayar makunni siririya ce, tana lanƙwasa tana miƙewa duk wuni, har ta karye daga ciki roba na rufe da asirinta. Sa mitar gwada lantarki a kan gwajin da take yin ƙara, ka riƙa murza wayar taku-taku. Inda ƙarar ta yanke, nan aljanin yake. Wani lokacin ma za ka tarar da kashinsa a wurin, baƙi-baƙi, irin na ɓera. Da gangan aka haɗa makunni mai kyau yadda yankewar waya za ta tsayar da injin, don kada ya yi ta gudu ba mai tsaro. Wato abin da kake zagi, aikinsa yake yi.

Idan kuma ba ya tsayawa sai injin juya baki ya tashi, to hayaniyar lantarki ce. Inbatar da ke kai shi juyi 18,000 ko 24,000 a minti tana watsa tartsatsin da ido ba ya gani, wayar makunni ta kwasa ta kai wa kwamfuta ƙarya. Raba ta da wayar inbata, ka sa mai rigar ƙarfe, ka ɗaure rigar da ƙasa a gefen akwatin lantarkin injin. Sai ka je ka gaishe da wayar ƙasarka. Na san an kafa ta: guntun rodi ne taku ɗaya, a bayan shago, an naɗa masa waya da hannu. Da damina yana ɗan taɓukawa. Da hunturu ya sauko yankin nan na Donga, ƙasa ta bushe ƙayau, bututun zuƙar ƙura ya fara ba mutane shokin, rodin nan ado ne kawai. Kafa sandar kirki mai zurfi, a wuri mai laima, da maɗauri na noti.

Akwai gajeriyar hanya, kuma wani zai kawo maka ita, yawanci mai gyaran waya da ya taɓa zama Legas. A GRBL ka rubuta $21=0, ko ka sa guntun waya ka haɗe bakin makunnin, ka naɗe da salatif. Nan take jan rubutu zai ɓace, shago ya yi tafi, a aika a sayo masa lemo. Ka sallami maigadi ke nan saboda yana tashinka daga barci. Injin zai yi aiki lafiya har ranar da lissafi ya kuɓuce masa, ya kwasa da gudu ya daki ƙarshen dogo, haƙoran giya su zube. Makunnin da ka ƙi saya kuɗinsa bai kai na buhun siminti ba. Abin da ya karye kuwa sai an tambaya a Parakou, a ce sai Kwatano, Kwatano ta ce sai an yi odarsa daga Sin, amarya kuma ta haihu a kan katifa a ƙasa.

Bayan ka gyara, kada ɗoki ya sa ka ci gaba daga inda aka tsaya. Injin da ya tsaya da ƙarfi ya manta inda yake, sai an mayar da shi gida ya sake ɗaukar lissafi. In ka tsallake wannan, rabin furen zai goce da faɗin yatsa, a kan madobiyar da samunta ya zama aiki tun da yarjejeniyar CITES ta cinikin itatuwa da namun daji ta sa mata ido a 2017. Idan hakan ta riga ta faru, goga shi da sanfefa, ka shafa masa banish mai duhu, ka gaya wa uwar amarya sabon yayi ne daga Dubai, ka ƙara jaka biyar a kan kuɗin.