Tantin buhun shinkafa a tsibirin Bubon

Wayar salula ce ta ja mini. Na ga wasu Turawa suna yawon ƙafa a tsibiran Hawai, suna alfahari wai kayan kwanansu duka ba su kai kilo 5 ba. Har da wanda ya guntule mariƙin buroshin haƙori don rage nauyi. Na ce in dai rashin kaya abin taƙama ne, ai mu 'yan Yamai mun riga su. Nan take na karya asuwakina gida biyu.

Na faɗa kasuwar Katako, inda tsohuwar ganga ke komawa akwati, gwangwanayen lemo su narke su zama tukunya. Wani maƙeri ya huhhuda mini gwangwanin tumatir, ya ce ga murhu. Telan unguwarmu ya haɗa buhunan shinkafa ya ɗinka tanti, yana taka keke yana tambaya ko mai gidan haya ne ya kore ni. Mahauci ya aza tantin bisa sikeli: giram 800. Turakun ƙarfen da maƙeri ya ba ni kyauta kuwa sun fi tantin nauyi, don haka na bar su gida. Bature ma haka zai yi.

Ranar Laraba, ranar kasuwar Bubon, na kama hanyar Tillaberi zuwa Bubon ɗin, tafiyar kilomita kamar 25. Mata sun jera tulunan da garin ya yi suna da su. A bakin ruwa na sami wani dattijo mai kwalekwale. Yana ganin zanen fuskata ya washe baki, Bagobiri ya faɗo hannun Bazabarme.

"Bawana, ina za ka da buhu ba shinkafa?"

"Baba, a tsibiri zan kwana."

"Dorina ta san da zuwanka?"

Watan Janairu ne, lokacin da ruwan duwatsun Gini ke isowa Yamai watanni bayan ɗaukewar damina, kogin Isa ya cika ya batse. Da dattijon ya sauke ni a tsibirin, yawon ƙafar da na ci buri a kai bai daɗe ba, duk inda na dosa ruwa ne. Na kafa tanti, na aza shayi. Murhun ya yi rawa, ya zubar da butar a kan kilishina.

Can tsakar dare na ji gurnani daga wajen ciyawar bakin ruwa. Dorina dai da dare take fitowa kiwo, babba tana kai tan ɗaya da rabi, kuma a tudu ta fi mutum gudu, balle mai silifa. Na rarrafo waje in duba. Ashe duk daren nan ni ne turken. Ina fitowa iskar hunturu ta ɗaga tantin, ya yi sama kamar shirwa ta ɗauki ɗan tsako, ya nufi tsakiyar kogi. Ni kuma na nufi bishiya mafi kusa, wadda Allah ya yi ta da ƙaya.

Da hantsi sai ga dattijon, tantina a jiƙe cikin jirgi, ga ɗansa fuska a murtuke. Buhunan sun shiga komarsu sun yaga ta.

"Jaka biyar, kuɗin gyara. Na komawa kuma daban."

"Baba, ai tantin duka jaka uku ya ci!"

"To sauko mu yi ciniki. Ko kuwa can sama za ka jira kasuwar Laraba mai zuwa?"