Yadda ake soya gahawa a gida ba tare da an tara unguwa ba

Duk wanda ɗan'uwansa ya dawo daga Saudiyya ya miƙo masa ƙullin ɗanyun 'ya'yan gahawa tare da dabino da bagaruwa, ya san wahalar da ke gaba. Ƙwayoyin kore-kore ne, ga taurin tsiya, babu ƙamshi ko kaɗan. Daga Dangamaji har kasuwar Jega kuwa, abin da mai shayi ya saba da shi Nescafé ne na leda. Dole mutum ya soya da kansa.

Na ɗaya, a sallami masu cewa "ai kamar gyaɗa ce, zuba rairayi." Gyaɗa tana da haƙuri, gahawa ba ta da shi. Kasko mai kauri ake so, da garwashin da ya daina ci da harshe, da ƙwayoyi cikin tafi biyu kawai, sai hannu ya yi ta juyi minti 10 zuwa 15 ba ɗagawa. Launi zai tashi daga kore zuwa rawaya zuwa ruwan ƙasa. Idan zafin ƙwayar ya kai wajen digiri 196 za a ji tana fashewa kamar gugguru. Larabawan Saudiyya da wuri suke saukewa tana da haske. Habashawa, waɗanda a ƙasarsu itacen ya samo asali, sukan bari ta yi duhu, har su zagaya da kaskon baƙi su shaƙi hayaƙin. Wajen digiri 224 fashewa ta biyu ke zuwa, siririya. Wanda ya tsaya amsa waya bayan nan, gawayi zai sauke.

Na biyu, hayaƙi da dusa. A tsakar gida ake yi, kuma a rufe randa, domin ɓawon nan marar nauyi sai ya bi iskar hunturu ya sauka kan shanya da miya. Kafin a kai minti takwas wani zai leƙo ta katanga: "Maƙwabci, lahiya? Mi kaka ƙonawa?" A amsa masa hannu na juyi.

Sai turmi, kuma nan ne ran mutum ke ɓaci da gaske. Ƙasar nan ta albasa ce, Aliero na nan kusa, kuma da wuya a sami turmin da bai sha gabu da daddawa da barkono ba. Gahawa kuwa duk warin da ta tarar sai ta ɗauka. Mutum ya sha hayaƙi, idonsa ya yi ja, ya dafa, ya kai baki, sai ya ji miyar kuka. Wanki ba ya fitar da shi, ya riga ya shige cikin icen. Magani shi ne ƙaramin turmi sabo na gahawa kaɗai. To, ina za a ajiye shi? Ranar da aka yi haihuwa a maƙwabta za a aiko yarinya: "Wai in ji Inna a ba ta aron ɗan turmin nan, yajin jego za ta daka." Wa zai hana Inna? Ya tafi ke nan. Ko ya dawo, ya zama na yaji har abada, kuma babu wanda zai ga an yi laifi!

Sauran a taƙaice. Da an sauke gahawar, a juye a faifai nan take a sheƙe, don zafin cikinta na ci gaba da soya ta. Nauyi kan ragu da kusan kashi 15 zuwa 20 cikin 100, saboda haka kada a tuhumi yara. A rufe a kwalba kwana ɗaya ko biyu kafin a daka, a yi nesa da buhun albasa.

Baƙon da ya ce a zuba masa madara da sukari cokali huɗu, a aika a sayo masa na leda.