Ƙa'idojin Sauya Fitilar Rufi Ba Tare da Rawar Jiki Ba

Sauya fitilar rufi, wato cire mazaunin ƙwan lantarki da masu gyara ke kira dui a ɗaura sabo a gurbinsa, aiki ne da kowane magidanci daga Azarori har cikin garin Madawa yake ganin ya gada, ko da kuwa kakanninsa da aci-bal-bal suka yi zamaninsu.

Babban kuskuren da ake tafkawa shi ne ɗaukar cewa wutar da aka ɗauke daidai take da wutar da aka kashe. Katse layin da Nijeriya ta yi wa Nijar daga watan Agusta na 2023 zuwa Maris na 2024 ya koya wa jama'a haƙuri da duhu, har wasu suka saba da taɓa waya tsirara kamar igiyar guga, alhali wutar kamfanin NIGELEC, mai ƙarfin bolt 220, ba ta yin sallama idan za ta dawo, kuma ta fi son dawowa daidai lokacin da yatsun mai gida ke cikin dui. Saboda haka wajibi ne a sauke disjonkter, wato babban makunnin da ke kusa da kwanter (mita), sannan a zaunar da dattijuwa ta yi gadinsa, domin yaron da aka ba wannan amana shi ne zai fara ɗaga shi ya yi cajin salula.

Abin hawa kuwa tsani ne na itace a kan busasshiyar ƙasa, da takalmin roba a ƙafa da hannun da ruwan alwala ya bushe a kansa. Turmin da aka kife bisa kujera, duk da farin jininsa, an yi shi ne don dakan gero.

A ƙa'ida, ja ko ruwan ƙasa ita ce wayar da ke ɗauke da wuta, shuɗiya ce ke mayar da ita, mai kore da rawaya kuma tana zubar da ɓatacciyar wuta cikin ƙasa. Sai dai wanda ya ja wayar gidan tun farko ya yi aiki ne da launin da ya samu ranar kasuwa, don haka launi shaida ce mai buƙatar mai gaskata ta, wato turnabis mai ɗan ƙwai da ke haske idan ya taɓa wuta. Ana haɗa wayoyin da domino, ɗan akwatin roba mai kusoshin murɗawa, ba da yagen baƙar leda ba. Masu panon hasken rana da batir mai bolt 12 su ma sai sun cire kan batir, domin tartsatsinsa ya ishi rufin kara.

Idan an kammala aka ɗaga disjonkter fitila ba ta kama ba, hukunci kan ƙwarewar mai gida yakan jira har a kawo wuta, kuma maƙwabtan da suka ba da shawara daga gindin tsani sukan zauna jiran sakamako, a kan shayin mai gida.