Taubashi, Beljiyam ba Abijan ba ce

Labari ya iske ni a kasuwar Tawa, bakin masu albasa, tun kafin ka yi shawarar faɗa mini: wai ɗanka ya aiko maka da takardar gayyata, ƙarshen Nuwamba za ka hau jirgi zuwa Beljiyam. Barka, taubashi. Da ma na san ranar da za ka yi abin kirki ba zai wuce da guzurin wani ba.

An ce da aka yi maka zancen sanyi sai ka gyara rawani ka ce, "Mi na na sanyi? Mu da munka sha ɗarin Barmu!" To sannu, gwanin ɗari. Na san inda kurin ya samo asali. Shekara ashirin kana cikin ayarin da ke barin Kalfu, Bambai da Affala da zarar an ɗaure damman gero an zuba a rumbu, a tafi kurmi, a kasa tebur a Ajame, a dawo da rediyo da turmin atamfa kafin shuka. Wannan ba wanda zai ƙwace maka. Amma ko a Abijan gumi ka yi ta sha, ɗarin Adar kuwa na asuba ne, hantsi na yi ka tuɓe bargo ka koma neman inuwa. Na Beljiyam yini yake yi, ya kwana, ga yayyafi kamar an manta ba a rufe sama ba.

Jiya na leƙa ɗakinka na ga shirin. Akwati buɗe a kan tabarma: shadda uku masu sitaci, hula huɗu, takalmi fade sabo fil, da rigar sanyin gwanjo guda wadda zif ɗinta ya tsaya a cibiya tun zamanin Tanja. Safa ko ƙafa ɗaya babu. Da waɗannan yatsun naka masu faso za ka taka Burusel? Koma wurin 'yan gwanjo ka nemi kwat mai kauri, safar hannu, takalmi rufaffe da wandon ciki. Ka sa shaddar a kai in girman ne ba ka son ya faɗi.

Agogonka kada ka taɓa shi, don tun Lahadin ƙarshe ta Oktoba lokacinsu ya dawo daidai da namu. Rana ce za ta ci amanarka. Ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8, kafin 5 na yamma ta faɗi. Kai da ka saba ƙailula bayan azahar har sai an tashe ka da ƙafa, can ka miƙe kaɗan la'asar ta wuce, magariba na sallama. In ka ga rana sau biyu a mako ka gaishe ta, ka ce mutanen Tawa na cigiya.

Takardu kam na ji ka sha wuya, har na kusa tausaya maka. Kuɗin biza kaɗai yuro 90, wajen jika 59, ga inshorar lafiya ta dole wadda za ta ɗauki nauyin yuro 30,000, kai da maganinka bai wuce sabara da jar kanwa ba. Ka riƙe lissafi: yuro guda sefa 656. Na san halinka, za ka tsaya gaban mai shayi kana juya kuɗin zuwa dala har shayin ya huce, sannan ka nemi ragi. Can ba a cewa albarka.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ƙarƙashin shaddodin na hango ƙullin kilishi, da cuku faifai-faifai da ka sa aka kawo maka daga Abalak, ka lulluɓe su da zanen uwargida don kada in gani. Na gani. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko madara ko abin da aka yi da su, busasshe ko ɗanye. Albasar Galmi ɗanya ma sai da takardar lafiyar tsirrai. Za ka sha kilomita fiye da 500 a mota, Tsarnawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, har Yamai, ka biya kuɗin abin da ya haura kilo 23, ka kwana sama, sannan wani ɗan duwan da bai san darajar cuku ba ya ɗaga shi da yatsa biyu ya jefa a kwandon shara kana kallo. Dabino dai an yarda. Shi za ka ɗauka.

Tunda har yau ba mu gama gardamar wane ne bawan wani tsakaninmu ba, kuma kuɗin sharata na cika-ciki uku na wuyanka, na yafe, a bakin kilishin da cukun. Yaro zai zo bayan isha'i da kwando. Tsarabata kuwa ba na son cakulan, kwat ɗin da za ka saya nake so, in ka dawo da yatsunka goma.

Allah ya kai ka lafiya, taubashi. Ka sayi safa.