Gaisuwa Ga Gagara-Gobara Na Ƙetaren Kogi

Allah ya ja zamaninku, manyan ƙasa, iyayen marasa lafiya, masu asibiti da masu duba asibiti da masu sa hannu a takardar asibiti. Gaisuwa daga Kakuri da Makera, daga Barnawa da Narayi, daga Television har Sabon Tasha da Unguwar Romi. Talakawanku na ƙetaren kogin Kaduna sun ga aiki, sun yaba. A wasu ƙasashe sai an zubar da dukiya, an wahalar da ma'aikata da horo, an dami jama'a da ƙararrawa, kafin a ce an tsare asibiti daga gobara. Ku kuwa, gagara-gobara, bajimai masu ƙaho a ofis, da kwarjini kaɗai kuka tsare namu. Wuta ta san gidan da take shiga. In ta ji sunanku sai ta sunkuyar da kai ta wuce.

Ba ƙaramar bajinta ba ce, domin wannan yanki ya daɗe da zama da abin da ke ci da wuta. Tun 1957 masaƙar KTL ta tara auduga a Kakuri, masana'antar makamai ta DICON da kamfanin Peugeot suka biyo baya, matatar mai ta zo a 1980, tankoki suka mai da hanyar Kachia gidansu. A cikin wannan jama'a mai yawa ga asibitin Gwamna Awan da na St. Gerard a Kakuri, ga na masu taɓin hankali a Barnawa, ga babban asibitin Sabon Tasha, sannan ga ƙananan asibitoci barkatai a lunguna, gida mai ɗaki huɗu da falo wanda aka kafa wa allo a ƙofa ya wayi gari asibiti. Wannan kirari ba a yanka shi don gida ɗaya ba. Babba da ƙarami, na gwamnati da na kuɗi, duk wanda ya ji ya dace da shi ya ɗaga hannu ya amsa.

A fara da dattijuwa, jar tukunyar kashe gobara, uwar ɗakin baranda, wadda aka rataye ranar da aka yanka ƙyallen buɗe asibiti kuma ba a sake ɗaga mata hankali ba. Waɗanda suka ƙera ta, da yake ba su san girman tsufa ba, sun ce a duba ta kowace shekara, a ga allurar agogonta tana kan kore, a tabbata hodar cikinta ba ta dunƙule ba. Ku kun fi su ladabi. Kun bar ta ta tsufa da mutuncinta, ƙura ta yi mata lulluɓi, takardar jikinta ta koɗe har kwanan watan ya ɓace, don kada wani mai shisshigi ya tona shekarunta a bainar jama'a. Na ga wata an sauke ta ƙasa tana tokare ƙofar ɗakin magani kada iska ta rufe. Wa ya ce ba ta aiki? Ko sabuwa fil, ƙaramar tukunya ba ta kai rabin minti tana feshi, ta ƙare. Tamu kuwa shekara da shekaru tana nan, ko ɗigo ba ta yi asara ba. Ƙanenta jan bokitin yashi shi ma an ɗaga masa matsayi, yanzu shi ke karɓar ɓawon lemo da ledar ruwa.

Amma gwarzon gwaraza shi ne kwaɗo. Kwaɗo ɗan sarƙa, angon ƙofar baya, mai riƙon amanar da ba ya saki, ba ka barci, ba ka karɓar roƙo. A saman ƙofar an rubuta da koren fenti cewa nan ce mafita idan ta ɓaci, kuma wannan rubutu ya isa, don mai ilimi da rubutu yake aiki. Ita ƙofar an ɗaure ta tamau saboda dalilai masu nauyi: ɓarawo zai iya shigowa, 'yan dubiya za su iya kutsowa ba lokacinsu ba, sannan uwa uba, majinyaci zai iya sulalewa da dare bai biya kuɗin gado ba. Ku dubi zurfin lissafi. An ɗora kuɗin gado a tafi ɗaya, an ɗora mai kwance a gadon a ɗaya tafin, ma'auni ya faɗi gaskiya, aka bi ta.

Kuma ba a bar kwaɗo cikin kaɗaici ba. An jera masa fadawa: tsofaffin katifun soso, karyayyen gado, kwalayen ruwan ƙari, keken guragu mai ƙafa ɗaya, duk an jingine su a jikin ƙofar har sun kai silin. Makulli kuwa an ba shi tsaro irin na taskar sarki. Ka tambayi maigadi, ya ce yana wajen babbar nas. Babbar nas ta ce yana wajen mai sito. Mai sito ya tashi tun ƙarfe huɗu, gidansa Gonin Gora. Tagogi an yi musu ƙarafa masu kauri waɗanda ko yaro ba zai zura kafaɗa ba. Mahassada za su ce yawancin waɗanda gobara ke kashewa a cikin gini hayaƙi ne ke gamawa da su tun harshen wuta bai iso ba, za su ce katifar soso da silin roba in sun kama suna fitar da baƙin hayaƙi mai guba da ke cika ɗaki cikin 'yan mintoci. Za su nuna maka mutumin da aka rataye wa ƙafa da ƙarfe, da matar da aka yi wa aiki jiya ɗinki bai kama ba, da tsohon da allurar ƙarin ruwa ke hannunsa, su ce ta ina waɗannan za su bi? Ta ƙofar da suka shigo mana. Ƙofa ɗaya, a bi layi, babba a gaba. Tarbiyya ke nan, kuma babu inda aka ce a ajiye tarbiyya don ɗaki ya cika da hayaƙi.

Wutar lantarki ma kun koya mata zaman lafiya da kowa. Soket guda ya ɗauki wayoyin ɗaki gaba ɗaya, da fanka, da abin tafasa ruwan shayi, yana ɗumi yana ƙauri bai taɓa kai ƙara ba. Wayar da ta sale an naɗe ta da baƙar leda. A ɗauke wuta, a tada janareta, a dawo da ita da ƙarfin da ke fasa ƙwan fitila, duk a dare ɗaya, kuma durom ɗin dizal na nan maƙwabcin ɗakin haihuwa, bango ɗaya ya raba su. A bayan ɗaki masu jinya sun kafa risho da kurfoti da ƙaramar tukunyar gas suna dama kunu, tunda ba a wahalar da su da wani madafi na musamman can nesa ba. Iskar hunturu tana kaɗawa, komai ya bushe ƙayau. Wane gida ne ya kai wannan zumunci?

Sai iskar oksijin, wadda tun zamanin korona ta yawaita a asibitoci. A iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 ce. Da ta ɗan haura haka a rufaffen ɗaki, zanin gado da auduga da gashin kai sai su kama da tartsatsi guda, kuma maiƙo a bakin tukunyarta kaɗai na iya tada wuta. Ranar 24 ga Afrilu 2021 tukunyar oksijin ta fashe a asibitin Ibn al-Khatib da ke Bagadaza, inda ake jinyar masu korona, mutum aƙalla 82 suka mutu, da yawansu a kan gado domin ba su iya tashi. Ba a cika wata uku ba, ranar 12 ga Yuli, wani ɗakin masu korona ya ƙone a Nasiriyya, fiye da mutum 60 suka tafi. Ministan lafiyar Iraƙi ya ajiye aiki bayan ta farko. Raunin zuciya irin na mutanen nesa! A nan ana gangaro da tukunya a ƙasa da ƙafa, a jingine ta a kusurwa ba sarƙa ba mariƙi, ɗan dubiya ya zauna a gefenta yana cajin waya. Tukunyoyinmu masu kunya ne, sun san a gidan wa suke.

A Senegal ma haka suka nuna gajen haƙuri. Daren 25 ga Mayu 2022 wayar lantarki ta haɗu a ɗakin jarirai na asibitin Tiwawan, garin Tijjanawa, jarirai 11 suka ƙone. Kafin a kwana biyu Shugaba Macky Sall ya sallami ministan lafiya, aka yi makokin kwana uku. A Jhansi ta Indiya, Nuwamba 2024, jarirai 10 a dare ɗaya, su ma a ɗakin da aka ajiye su don a ceci ransu. Bakwaini a cikin kwalba ba ya gudu, ba ya kiran sunan kowa, nauyinsa bai kai mudun gero ba. Ku da kuka san haka, sai kuka ɗauke masa fargaba gaba ɗaya: babu ƙararrawar hayaƙi da za ta tashe shi daga barci, babu bututun yayyafi a silin da zai jiƙa masa zani.

Gwajin fitar da majinyata kuwa, wanda wasu ke yi lokaci lokaci har su riƙe agogo suna ƙirga minti, kun gane shi da wuri: kiran masifa ne. Wanda ya yi gwajin gobara ai ya gayyace ta. Shi ya sa kuka girmama nas ɗin dare da amanar da ko soja ba a ba shi. Ita kaɗai ko su biyu, ɗaki cike, fitilar waya a baki, ba a taɓa nuna mata yadda ake zare ƙusar jar tukunya ba, ba a gaya mata wa za ta fara ɗauka ba, ba a ce mata ga inda ake kashe oksijin ko inda ake yanke wutar ginin ba. An bar mata filin basira. Ranar da abin ya zo, ita ce za ta shiga hayaƙi ta fito da mutum a bayanta, ta koma, kuma ita ce za a fara kira gaban kwamiti ta yi bayanin inda take lokacin da wuta ta tashi.

Kada wani ya ce yankin nan bai ga ishara ba. Ranar Asabar 4 ga Janairu 2020 shagon sayar da gas ya fashe a kan hanyar Kachia, Sabon Tasha, da rana tsaka. Mutane suka mutu, cikinsu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta Najeriya. Gwamnatin Nasir El-Rufai, gwamnan jihar a lokacin, ta ba da umarnin rufe shagunan gas da ke cikin unguwanni. Waɗanda suka ƙone, asibiti aka nufa da su, don can ne mafaka ta ƙarshe. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa. Ku kun duba naku gemun, kuka ga ya yi kyau a bushe, kuka ƙara masa turare.

Idan kuma ƙaddara ta gitta, tanadi ya kammala. Ƙasa tana da lambar gaggawa, 112, an kuma sakaya ta sosai, ba a ɓata bangon ɗakin majinyata da ita ba. Motar 'yan kwana-kwana za ta taso ta gaisa da cunkoson shataletalen Station ko na gadar Sabon Tasha, ta nemi hanya a lungun Narayi inda Keke Napep biyu ba sa wuce juna, ta iso ta juye abin da ke cikinta. Daga nan sai ta koma ɗebo wani, domin ba ku ƙazantar da harabar asibiti da famfon gobara ko tankin ajiya ba. Su ma'aikatan, da suka zo da abin da aka ba su, su sha zagi, wani lokaci har da jifa, ku kuna gida lafiya. Wanda aka ciro da ƙuna a kai shi asibiti na gaba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta hana a ƙi duba mai neman agajin gaggawa ko da wane dalili, ta yanka tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida. Doka mai daraja, an adana ta a inda hannu ba ya kaiwa, don kada ta yi datti a wajen mai yankar kati.

Washegari kuma sai ranar ku, ranar manyan riguna. Jerin motoci, jiniya, ziyarar jaje, hoto a gefen toka. A kafa kwamiti mai ƙarfi, a ba shi mako biyu, ya miƙa rahoto mai bango mai sheƙi, a sa a durowa a kulle, don a nan ma kwaɗo bai gaza ba. Liman ya yi addu'a, fasto ya yi addu'a, a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Duk malaman nan sun sha faɗa a kan mumbari cewa dogaro ga Allah ba ya hana ɗaukar sababi, amma ku kun wuce wannan aji. Kun kai matsayin da mutum zai karɓi kuɗin gyaran waya, ya bar wayar, sannan ya tsaya gaban uwar da ta rasa ɗa ya yi mata wa'azin haƙuri, muryarsa ko rawa ba ta yi. Sai ku, zakunan takarda, sha-kasafi, masu kwana da makulli a aljihu.

Mai karatu, kada ka bar wannan alheri ya wuce ba godiya. In ka je dubiya ko ka kwana jinya, ka zaga ka ga ƙofar baya da idonka, ka karanta kwanan watan da ke jikin jar tukunya in ya karantu, sannan ka nemi shugaban asibitin ka tambaye shi sunan wanda makulli ke hannunsa a daren yau da inda yake kwana. Ka tambaya da ƙarfi, a gaban mutane, kuma kada ka tafi sai ya faɗa.